Tsagaggen Wilin Mota: Ina Walda Ke Amfani, Ina Take Zama Ganganci?

Duk mai mota a garuruwanmu ya san irin wannan safiya. An ajiye mota lafiya lau, an wayi gari taya ɗaya ta kwanta. A lallaɓa wajen mai faci a ba ta iska, bayan kwana biyu ta sake sauka.

A zuwa na uku mai facin zai kwance ta, ya cika ta da iska, ya tsoma a rabin duron da yake tara ruwa, ya riƙa juyawa yana neman ƙusa. Babu ƙusa. Bawul ma lafiyarsa ƙalau. Sai ya kifa ta, ta gefen da ke fuskantar cikin mota, sai ga kumfa tana tasowa a jere daga bakin ƙarfen.

Ya sa yatsa ya goge laka da baƙar ƙurar birki. Ga tsaga nan siririya, ba ta kai tsawon yatsan nasa ba.

"Alhaji, ba laifin tayar ba ne. Wilin ne ya tsage."

Mai mota zai tambayi kuɗin wani. Da ya ji farashi sai ya yi shiru. A daidai nan ne wani daga cikin mazauna bencin zai ce ai akwai mai walda a nan baya, yanzun nan zai kama shi. Wannan shawara ce ake yankewa a tsaye a bakin titi, cikin minti biyu, alhali a kanta ne rayukan duk waɗanda za su shiga motar suka rataya.

Daga baƙin ƙarfe zuwa aloy

A zamanin da Fijo 504 da 505 ke mulkin titunan Arewa, waɗanda masana'antar PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ke harhaɗawa, wannan matsala ba ta dami kowa ba. Wilin baƙin ƙarfe ne. In ya faɗa rami lanƙwashewa yake yi, a sa guduma a miƙe shi, a ci gaba da tafiya.

Motocin Kwatano ne suka canza lissafin. Tun daga shekarun 1990 da Camry da Accord da Corolla da 'yan uwansu suka cika kasuwa, wilin alminiyam da ake kira aloy ya zama ruwan dare. Yana da kyan gani, bai kai na ƙarfe nauyi ba, yana saurin fitar da zafin birki, ba ya kuma yin jar tsatsa. Yau mai sayen mota kan leƙa ƙafafunta kafin ya buɗe bonet.

Amma akasarin aloy zubi ne. Narka alminiyam ake yi, a haɗa shi da silikon kimanin kashi 7 cikin ɗari da ɗan magniziyam, a zuba a mazubi. Abin da ke fitowa yana da tauri, sai dai ba shi da haƙurin lanƙwasa. Dukan da wilin ƙarfe zai sha ya loɓa kawai, aloy na iya shan irinsa ya tsage.

Sai kuma aljihu. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, duk wani kayan mota da ake shigowa da shi ya bi ta. A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, samun wili ɗaya tak da ya dace da sauran ukun wani aiki ne: sai girma ya zo ɗaya, ramukan noti sun zo ɗaya, zurfinsa ya zo ɗaya, ga kuma fasali. Sau da yawa mai shago ba ya son fasa saitin huɗu saboda mutum guda. Shi ya sa layin masu walda ya yi tsawo.

Rami, gudu da siraran tayoyi

Ba sai an faɗa wa kowa halin da hanyoyinmu ke ciki ba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kusan kilomita 375, an ba da kwangilar sabunta ta tun ƙarshen 2017, kuma direbobi sun shafe shekaru suna ratse suna hawa da sauka a bakin kwalta mai kaifi. Kowace damina kuma tana barin sababbin ramuka a cikin gari, ruwa ya rufe su, direba bai san zurfinsu ba sai ya ji ƙara.

Sai dai ba rami kaɗai ke da laifi ba. Akwai yayin da matasa suka ɗauka na cire wilin da mota ta zo da shi a sa mai faɗi, inci 18 ko 20, da siririyar taya. Lambobin da ke jikin taya suna faɗin gaskiyar lamarin. Taya mai lamba 205/55 tana da robar gefe mai tsayin kusan santimita 11. Mai lamba 245/35 ba ta kai santimita 9 ba. Wannan roba da iskar cikinta su ne ke shanye duka kafin ya isa ƙarfe. An rage su, an ƙara gudu, to wa zai sha dukan?

Ƙarancin iska ma haka yake yi. Tayar da ba ta cika ba tana matsewa a bakin rami har ƙarfe ya daki kwalta kai tsaye. Adadin iskar da mota ke buƙata yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, amma mutum nawa ne suka taɓa dubawa? Ga lodi fiye da kima, musamman a ƙananan motocin haya da ake ɗora wa fasinja da buhuna a lokaci guda. Ga kuma jabun wili masu araha da ake kwaikwayon fasalin manyan kamfanoni, har da tambarin JWL na ƙa'idar Japan a jiki, alhali zubinsu cike yake da ƙananan ramukan iska.

Kusan kullum ta ciki tsagar ke fitowa. Dalili kuwa, hannayen wilin, waɗanda suka taso daga tsakiya zuwa baki, suna tallafe gefen waje ne. Bakin ciki ba shi da mai tallafa masa, kuma can ne ido ba ya kaiwa.

Tsaga ba ta tsayawa inda ta fara. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna ke nan ta juya fiye da sau 100,000, kuma a kowane juyi nauyin mota yana buɗe tsagar ya rufe ta. A haka take tafiya kaɗan-kaɗan, har ranar da sauran ƙarfen zai gaza.

Abin da wuta ke ɗaukewa

Nan ne zuciyar maganar take, kuma nan ne masu mota da dama, har da wasu masu waldar, ba su da labari.

Ƙarfin aloy ba daga zubi kaɗai yake zuwa ba. Bayan an fitar da shi daga mazubi, masana'anta kan sa shi a murhu mai zafin kusan digiri 540 a ma'aunin Salshiyos na tsawon sa'o'i, ta tsoma shi a ruwa nan take, sannan ta sake gasa shi a zafin da bai wuce digiri 150 zuwa 160 ba na wasu sa'o'in. Wannan horo ne ke sa magniziyam da silikon su bazu a jikin ƙarfen a matsayin ƙwayoyin da ido ba ya gani, su ne kuma suke ba shi ƙarfin ɗaukar mota.

Walda kuwa narkarwa ce. Alminiyam zalla yana narkewa a digiri 660, haɗin da ake yin wili da shi kuma ƙasa da haka kaɗan. Duk ƙarfen da ke kewaye da inda aka narkar zai sha zafin da ya ninka na gashin ƙarshe sau biyu ko uku, sai horon nan ya warware. Wurin na iya rasa kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, ko fiye. Ba ya sauya launi, ba ya sauya siffa. Ka duba da ido, ka ƙwanƙwasa, ba za ka ga komai ba.

Shi ya sa idan wilin da aka yi wa walda ya sake tsagewa, sau da yawa ba a kan waldar yake tsagewa ba, a gefenta ne. Mai walda zai nuna aikinsa ya ce ga shi nan bai motsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma wutarsa ce ta raunana maƙwabcin.

Alminiyam yana da wasu halaye biyu da ke yaudarar wanda ya saba da baƙin ƙarfe. Na farko, ba ya yin ja idan ya yi zafi. Mai waldar ƙofa da taga da launi yake gane inda wuta ta kai, amma alminiyam yana nan fari har sai ya zube. Na biyu, yana da wata fata siririya da iska ke yi masa, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. In ba a kawar da ita ba, abin da aka narka zai kwanta ne a bisa kawai, bai haɗu da na ƙasa ba. Daga waje ga walda, daga ciki tsagar tana nan daram.

Yadda gwani ke yi

Akwai masu yin aikin nan da kyau, kuma ana gane su tun kafin su kunna inji.

Abu na farko, sai an cire tayar gaba ɗaya daga jikin wilin. Sace iska ko zare bawul bai wadatar ba. Zafin walda na iya sa robar cikin taya ta fara ruɓewa tana fitar da iskar gas mai kamawa, ta yi bindiga bayan an gama aiki, wani lokaci bayan mintuna masu yawa. Irin wannan fashewa ta kashe ma'aikata a ƙasashe da dama, kuma yaran shago ne ke tsaye kusa.

Daga nan sai wanki. A kankare fenti da datti har ƙarfe ya fito fes. Gwani kan fesa wani jan ruwa mai ratsa tsaga, ya goge, ya fesa farin hoda a kai, sai jan ya fito ya nuna ainihin inda tsagar ta ƙare, wanda kusan kullum ya wuce inda ido ya tsaya. A daidai ƙarshen nan zai huda ɗan ƙaramin rami da dirila don tsagar ta daina tafiya. Sannan ya fafe ta ta zama kwari, yadda narkakken ƙarfe zai cika ta har ƙasa. Burushin da zai goge wurin ma na musamman ne, wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba.

Injin da ya dace shi ne wanda masu sana'ar ke kira na agon. Tsinkensa ba ya narkewa, iskar agon daga tukunya tana lulluɓe wurin don kada iskar waje ta shiga, wutarsa kuma mai kai-da-komo ce da ke fasa fatar nan yayin da ake aiki. Ana ciyar da sandar alminiyam da hannu, yawanci mai lamba 4043 ko 5356. A yi ta ciki, a juya a yi ta waje, a bar shi ya huce da kansa ba tare da an watsa masa ruwa ba. Sai a gyara inda bakin taya ke zama ya yi sumul, a ɗora a inji a ga ko yana juyawa daidai, a mayar da taya a gwada a ruwa, a yi balansin.

Aikin sa'o'i ne, injin yana da tsada, agon sayensa ake yi, ga kuɗin man janareta. Duk wanda ya ce zai kama maka wili cikin minti goma kana tsaye, wani abu daban yake shirin yi.

Wannan wani abu daban kuwa iri-iri ne. Akwai masu hura wutar gas a kan wilin har rabinsa ya ɗauki zafi, su liƙa sanda mai saurin narkewa. Akwai masu cusa gam mai haɗi biyu. Akwai masu cewa a sa tiyub a ciki kawai, iska ta daina fita. Duka ukun suna tsayar da kumfa a duron mai faci. Babu ɗaya da ke tsayar da tsagar.

Tsagar da ba a taɓawa

Ko a hannun gwani, ba kowace tsaga ce ke karɓar gyara ba. Wadda masu sana'ar suka fi yarda da ita ita ce gajera, guda ɗaya, a bakin ciki, wadda ta ratsa bakin a tsaye. Ko da ta dawo, yawanci da sacewar iska take sanarwa.

Tsagar da ke jikin hannu, ko inda hannu ya haɗu da da'irar, ko kusa da ramukan noti, ko a tsakiya inda wilin ke zama a jikin mota, wannan ba ta da magani. Nan ne duk nauyin mota da ƙarfin birki da na kwana ke bi. Idan nan ya gaza, ba sacewar iska za a gani ba, ƙafar ce za ta rabu da motar ana cikin gudu. Haka tsagar da ta bi da'irar wilin a kwance, da wilin da ke da tsaga biyu ko uku, da wanda aka taɓa yi wa walda a wurin ya sake buɗewa.

Irin waɗannan wurinsu na wajen 'yan gwangwan, su auna a kilo su biya. A Panteka ta Kaduna da makamantanta ana narka tsohon alminiyam a zuba tukwane. Tsagaggen wili ya zama tukunyar biki ya fi masa daraja da ya zama sanadin zaman makoki.

Can inda motocin suka fito

Ƙasashen da muke sayo motocin nan ba su da baki ɗaya a kan batun. Jamus tana da tsanani sosai: ƙa'idarsu ta yarda a gyara ƙujewar da ba ta wuce zurfin milimita ɗaya ba a kusa da bakin waje, amma walda da gasawa da miƙe lanƙwasa duk haramun ne, motar da aka kama da su ba za ta tsallake binciken lafiyar mota ba.

A Birtaniya ana yin waldar a fili, akwai shagunan da suka ƙware a kanta. Sai dai a gwajin shekara-shekara na MOT, tsaga ko walda mai aibi a jikin wili tana cikin laifukan da ake ɗauka masu haɗari, mota ba ta wucewa da ita.

Su kuwa masu ƙera motocin, irin su Honda da Ford, sun fitar da matsayarsu a rubuce cewa ba su amince da duk gyaran wili da ya ƙunshi walda ko lanƙwasawa ko ƙara wani ƙarfe ba. Wani zai ce ai so suke a sayi sabo. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma hujjarsu ta horon ƙarfe da wuta ke warwarewa ba ta kasuwanci ba ce, haka abin yake ko a Tokyo ko a Kurna ta Kano.

Akwai wani abu da ya kamata ya dame mu. Wilin da doka ta hana a gyara a can, ba duka ake narkarwa ba. Kwantenonin tsofaffin kayan mota da ke sauka a Legas da Kwatano ba a tantance abin cikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ta bakin masu sana'a

Masu walda suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce da babu gara ba daɗi: mutumin da ba shi da kuɗin wani wili ba ajiye motar zai yi ba, da tsagar zai ci gaba da yawo yana ƙara iska kowace safiya. Gyara mai kyau a wurin da ya dace ya fi wannan nesa ba kusa ba. Sukan ƙara da cewa wilin asali da aka kama da agon ya fi jabun sabo aminci, kuma a lokuta da dama haka ne.

Kukan ƙwararrun cikinsu shi ne masu mota ne ke tilasta aikin banza. Ka ce wa mutum wannan ba ya gyaruwa, ya ɗauka ya tsallaka titi wajen wanda zai ce masa yana gyaruwa.

Direbobin haya na dogon zango da yawa sun riga sun yanke wa kansu hukunci, sun koma wilin ƙarfe. Ba shi da kyan gani, amma a dajin da babu gari kusa guduma na iya fitar da mutum. A ganina duk motar da ke ɗaukar fasinja a babbar hanya wannan ne ya dace da ita.

Fentin da ke rufe asiri

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wannan harka ba waldar ba ce, ɓoye ta ne.

Idan gyartai ya ɗinke ƙwarya, ɗinkin a fili yake. Uwargida ta san wadda aka ɗinke, ta san abin da za ta zuba a ciki da abin da ba za ta zuba ba. Wilin da aka yi wa walda kuwa gogewa ake yi da giranda, a shafe da fila, a fesa fenti mai ƙyalli, ya koma shago ko ya tafi a jikin motar sayarwa. Wanda ya yi gyaran ya san rauninsa, yana iya mayar da shi ƙafar baya, ya rage gudu, ya riƙa dubawa. Wanda ya saya bai san komai ba. Zai ɗebi iyalinsa ranar jajibirin Sallah ya hau babbar hanya da gudun kilomita 120.

In abin ya faru, a bakin hanya cewa za a yi taya ta fashe, a ce tsautsayi. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, sun yi ƙoƙari wajen wayar da kai a kan tsofaffin tayoyi da shekarar da aka ƙera su, har direbobi da yawa sun iya karanta lambobi huɗun da ke nuna ta a jikin taya. Ƙarfen da tayar ke zaune a kai bai samu irin wannan kulawa ba. Mai duba mota a bakin hanya fuskar wili yake gani, tsaga da walda kuwa a baya suke.

Sayar da wilin da aka kama ba tare da an faɗa ba algus ne, kuma algus ne da jini ke iya biyo bayansa. Shugabannin kasuwannin kayan mota da ƙungiyar makanikai ta NATA suna da ikon da za su sa doka a tsakaninsu: duk wilin da aka yi wa walda a bar waldar a bayyane ta ciki, a kuma buga masa alama. Hukumar NBTE, mai tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, za ta iya sa waldar alminiyam a gaba, don mai mota ya san hannun da zai miƙa wa kayansa. Shugabannin tasha kuma su riƙa leƙa bayan ƙafafun motocin da suke yi wa lodi.

Kai kuma mai mota, kafin ka biya kuɗin wili na hannu, ko motar da ke kansa, sa a kwance a kifa maka shi. Wanke cikin, bi bakin da yatsa, nemi inda ya yi tudu ko inda fenti ya fi kauri. In naka ne ya tsage a bakin ciki, nemi mai agon, ka tsaya ka ga an cire taya an huda ƙarshen tsagar, ka mayar da shi ƙafar baya, ka riƙa dubawa duk lokacin da aka yi juyen mai. In kuwa tsagar a hannu take ko kusa da noti, kada ka saurari kowa. Sa safaya, ka sayar da shi a kilo.